Kundin Ci Gaban Aiki: Kwatanta Sigogin Littafin Noman Rani a Kan Allo

Litinin, 8 ga Satumba, 2025

Daga yau duk babukan littafin jagorar noman rani da muke shirya wa malaman gona sun bar Word sun koma cikin rumbun Git, manhajar da ke adana tarihin duk gyaran da aka yi wa fayiloli, kuma a wannan kundi za a riƙa rubuta yadda aikin kwatanta sigoginsu yake tafiya. Kafin yanzu babukan suna yawo ne tsakaninmu ta imel da WhatsApp, kowa ya yi gyaransa ya sake wa fayil suna, har aka kai inda babi na uku kaɗai yake da kwafin da aka kira na ƙarshe, da wanda aka kira gyararre, da wani kuma mai ɗauke da sunan babban edita, kuma babu wanda zai iya bugun ƙirji ya faɗi wanne ya riga wanne. Mun mayar da kowane babi rubutu zalla a tsarin Markdown, inda ake nuna kanun labari da makamantansu da 'yan alamomi a cikin rubutun, muka jera tsofaffin kwafin bisa ranakun da aka aiko su, muka shigar da su ɗaya bayan ɗaya, ta yadda kowane kwafi ya zama ajiya guda, wato siga ɗaya da aka adana, a tarihin rumbun.

Mu huɗu ne a kan aikin: babban edita da ke Kano, malamar da ke duba ƙa'idojin rubutu, abokin aikinmu na Damagaram da ke kula da bugun da za a kai Nijar, sai ni mai kula da ɓangaren kwamfuta. Ni kaɗai ne a cikinmu na saba da baƙar tagar da ake rubuta umarni a cikinta.

Git yana da nasa umarnin kwatance, wato `git diff`, wanda yake fitar da layin da aka cire da alamar ragi a gabansa, layin da aka ƙara kuma da alamar tarawa. Wannan salo na kwatanta layi da layi ya gada ne daga manhajar diff wadda Douglas McIlroy ya rubuta a Bell Labs, ta fito tare da tsarin gudanar da kwamfuta na Unix a 1974, kuma da Linus Torvalds ya ƙirƙiro Git a 2005 domin kula da rubutun manhajar Linux, wani tsarin gudanar da kwamfuta, bai ga dalilin sauya shi ba, tun da masu rubuta manhaja gajerun layuka suke rubutawa kuma idonsu ya saba da alamomin. Editan littafi ba haka yake karatu ba. Da na nuna wa babban edita sakamakon umarnin, ya dube shi na ɗan lokaci, sannan ya ce: "Malam, ni dai ka sa mini tsohon shafi a hagu, sabo a dama, ka shafa wa wurin da aka taɓa launi." Manufar aikin ke nan a taƙaice.

Alhamis, 11 ga Satumba, 2025

An gwada manhajoji huɗu, dukkansu kyauta. Meld ita ta fi sauƙin karantawa: kore ga abin da aka ƙara, shuɗi ga abin da aka sauya, kuma tana zana wani lanƙwasasshen zirin launi tsakanin tagogin biyu wanda yake haɗa tsohon wuri da sabo, saboda haka ido ba ya ɓata ko da tsawon shafukan ya bambanta. WinMerge a Windows kaɗai take aiki, launinta rawaya ne, wurin da babu layi kuma ta cike shi da toka-toka. Ba ta kai Meld kyan gani ba, amma ta fi ta yawan saituna, kuma ba ta nauyi a tsohuwar kwamfuta. KDiff3, wadda Joachim Eibl ya fara, fuskarta cike take da maɓallai, shi ya sa na ajiye ta gefe domin ranar haɗa rassa, wato kwafin aikin da kowa yake gyarawa daban kafin a haɗe su. TortoiseGit kuwa ba manhajar kwatance ba ce zalla: tana shiga cikin tagar fayilolin Windows ne, mutum ya danna fayil da maɓallin dama ya ga tarihinsa, kuma za a iya gaya mata ta riƙa kiran WinMerge a duk lokacin da aka nemi kwatance.

Shawarar da aka yanke ita ce editocin biyu na Kano, da yake Windows suke amfani da ita, su ɗauki TortoiseGit tare da WinMerge, ni da abokin aikinmu na Damagaram kuma mu ɗauki Meld a kan Linux. A namu ɓangaren layi biyu suka wadatar, `git config --global diff.tool meld` da `git config --global difftool.prompt false`, na biyun domin kada Git ya riƙa neman izini kafin buɗe kowane fayil. Daga nan `git difftool` yana yin abin da `git diff` yake yi, sai dai a cikin taga.

Abin da ya fi burge abokin aikinmu na Damagaram shi ne cewa duk tarihin littafin yana cikin kwamfutarsa, saboda haka kwatanta kowace siga da wata ba ya bukatar intanet ko kaɗan. Sai lokacin tura gyara ko karɓo na wasu ne kawai yake kunna data.

Talata, 16 ga Satumba, 2025

Matsalar farko ta bayyana. Malama ta gyara waƙafi a wurare kaɗan cikin babi na biyu ta ajiye, amma Git ya lissafa cewa kowane layi na babin ya sauya, kuma tagar kwatance ta rine daga sama har ƙasa. Ba ta taɓa komai ba sai waƙafin. Dalilin yana cikin abin da ido ba ya gani: Windows tana rufe kowane layi da alamomi biyu, CR da LF, masu lamba 13 da 10, Linux kuwa da LF kaɗai. An shirya babin a Linux, manhajar da Malama take rubutu da ita ta mayar da ƙarshen layukan irin na Windows, sai Git, wanda bayit-bayit, wato ƙwayoyin bayanin da ke cikin fayil, yake dubawa, ya ga ko'ina ya bambanta.

Hanya biyu ce a gabanmu. WinMerge tana da saitin da zai sa ta kau da kai daga bambancin ƙarshen layi, kuma da an kunna shi waƙafin Malama suka fito su kaɗai. Amma wannan rufe ido ne kawai, domin a cikin rumbun tarihin zai ci gaba da cewa ta sake rubuta babin gaba ɗaya, kuma ranar da za a haɗa reshenta da na wani, kowane layi zai zama abin jayayya. Saboda haka aka bi hanya ta biyu, aka ƙirƙiri fayil ɗin `.gitattributes` mai ɗauke da layin `* text=auto eol=lf`, aka gudanar da `git add --renormalize .`, umarnin da ya shigo Git tun siga ta 2.16, aka ajiye wannan daidaitawa ita kaɗai ba tare da wani gyaran rubutu a cikinta ba.

Wannan ƙa'ida za mu riƙe har ƙarshen aikin: duk wani sauyi na inji, wanda ya shafi dubban wurare lokaci guda, ajiyarsa daban, duk wani gyara na hannun mutum, ajiyarsa daban. Idan aka cakuɗa su, babu manhajar da za ta iya raba su daga baya.

Laraba, 24 ga Satumba, 2025

Da aka fito da babukan daga Word, kowane sakin layi ya zama dogon layi guda, wani ma ya haura kalmomi ɗari biyu. Duk manhajojin kwatancen da muka gwada layi-layi suke fara aikinsu, sai bayan sun gano layin da ya bambanta sannan su leƙa cikinsa su ƙara wa kalmar da ta sauya duhun launi. Idan layin gajere ne wannan yana aiki sarai. Idan kuwa sakin layi ne cikakke da aka taɓa a wurare da yawa, sai ya zama tabbare-tabbare ko'ina, a wasu lokutan ma manhajar ta haƙura ta rine shi gaba ɗaya, mai dubawa ya koma karanta bangarorin biyu da yatsa.

Maganin da aka yi shi ne jimla ɗaya, layi ɗaya. Markdown ba ya ɗaukar karyewar layi guda a matsayin sabon sakin layi, sai an bar layi fanko a tsakani, saboda haka littafin da za a buga bai sauya da ko harafi ɗaya ba. An raba jimlolin da ƙaramar manhaja, aka bi da hannu aka gyara wuraren da ta ɗauki ɗigon gajarta kalma a matsayin aya, aka ajiye. Babban edita bai so tsarin ba da farko, ya ce rubutun ya koma kama da baitocin waƙa, amma ya yarda a gwada.

Amfanin bai jima ba ya fito. Na bi tsofaffin kwafin babi na huɗu na raba su ta wannan hanya domin a iya kwatanta su da na yanzu, sai ga wata jimla a sashen takin zamani ta fito da shuɗi, kuma a cikinta lambobi biyu kaɗai ne masu duhu. Tsohon kwafi ya ce takin yuriya yana ɗauke da sinadarin naitirojin kashi 46 cikin 100, wanda shi ne daidai, kwafin da ya biyo baya kuma ya ce kashi 64. Hannu ne ya juya lambobin a lokacin da ake sake tsara sakin layin, kuma kuskuren ya tsallake karatun mutum uku, domin jimlar lafiyarta lau ta fuskar nahawu, mai duba rubutu kuwa nahawu yake dubawa. Da littafin ya fita haka, malamin gona da ya yi lissafin buhu mai kilo 50 da wannan adadi zai gaya wa manomi ya zuba taki ƙasa da abin da gonarsa take bukata. Tun daga wannan rana babban edita bai sake maganar baitocin waƙa ba.

Raba jimlolin ya jawo wata 'yar illa: `git blame`, mai nuna wanda ya taɓa kowane layi a ƙarshe, yanzu sunana yake sa wa littafin gaba ɗaya. An rubuta lambar wannan ajiya a cikin fayil ɗin da Git yake karantawa ta saitin `blame.ignoreRevsFile`, wanda ya shigo a siga ta 2.23 cikin 2019, domin ya riƙa tsallake ta, kuma yawancin layukan sun koma hannun masu su.

Alhamis, 2 ga Oktoba, 2025

Wannan makon gaba ɗaya haruffa masu ƙugiya suka cinye shi, kuma a nan ne aikinmu ya rabu da na mai rubuta littafi da wani harshe. Babi na biyar da na shida tsofaffi ne, an buga su tun zamanin da ake dogara da keɓaɓɓun salon haruffa domin samun ɓ da ɗ da ƙ. A irin wannan tsari kwamfuta ba ta san harafin ba. Wata alama ce daban aka zana mata ƙugiya. Da aka cire salon, sai babi na biyar ya fito da `}asa` da `ha]a` da `za~e`, na shida kuma da `qasa` da `haxa` da `zave`, irin yadda ake gani a wasu shafukan jaridun Hausa. A Unicode, tsarin duniya na bai wa haruffa lamba, kowanne yana da lambarsa tsayayya: ɓ ita ce U+0253, ɗ U+0257, ƙ U+0199, ƴ kuma U+01B4. An musanya su da inji, amma a babi na shida ba a yarda da injin ido rufe ba, domin akwai sunayen magungunan feshi da na irin shuka da aka rubuta da v da x na gaskiya. A nan tagar kwatance ta yi rana ƙwarai: Malama ta bi kowane sauyi da maɓallin tsallakawa zuwa bambanci na gaba, inda ta ga injin ya sa ƙugiya a sunan magani sai ta danna kibiyar da ke kwafo tsohon layin daga hagu zuwa dama.

An kuma ci karo da wata ɓarna ta daban a wani shafi na babi na bakwai, inda ƙasa ta koma `Æ™asa`. A tsarin UTF-8, wanda ake ajiye haruffan Unicode da shi, harafin ƙ bayit biyu ne, kuma idan wata manhaja ta karanta su da tsohon tsarin Windows-1252 sai ta ga haruffa biyu na Turai. Idan a allon kawai aka ga haka, sauya saitin karatu ya isa. A namu an riga an sake ajiye fayil ɗin da ɓarnar a ciki, saboda haka sai da aka koma tarihi, aka buɗe sigar da ta gabata a hagu, aka dawo da layukan.

Wanda ya fi wahalar ganewa shi ne alamar hamza. WinMerge ta riƙa nuna bambanci a kalmomi irin su sa'a da ma'auni da 'ya'ya, alhali a ido hagu da dama iri ɗaya ne, har babban edita ya fara zargin manhajar tana ruɗu. Ba ruɗu take yi ba. Alamomi uku ne suke kama da juna: miƙaƙƙiyar da ke kan allon bugu mai lamba U+0027, da lanƙwasasshiyar da Word yake sakawa da kansa mai lamba U+2019, da kuma U+02BC wadda Unicode ta lissafa a cikin haruffa ba cikin alamomin rubutu ba. Kowane edita da irin wadda kwamfutarsa take fitarwa. Mun tsayar da miƙaƙƙiyar a cikin rumbun saboda kowa yana iya buga ta ba tare da dabara ba, a bar wa matakin tsara shafi ya ƙawata ta.

Sai batun bugun Nijar, inda ƙa'idar rubutu take amfani da ƴ a wurin da Najeriya take rubuta 'y. Duk lokacin da aka kwatanta reshen Nijar da babban reshe, wannan bambanci yana cika allo ya binne gyare-gyaren gaske, irin su sauya naira zuwa sefa da sunayen watanni. Meld tana da matatar rubutu, inda ake ba ta siffar abin da za ta yi watsi da shi yayin kwatance, kuma da aka ba ta 'y da ƴ allon ya washe. Na gargaɗi abokin aikinmu cewa ya kunna matatar kawai lokacin da yake kwatanta rassan biyu, ya kashe ta idan yana duba gyaran yau da kullum, domin abin da matatar ta ɓoye, ko kuskure ne ba za ta nuna ba: idan wani ya goge harafin gaba ɗaya daga kalma, Meld za ta ce lafiya lau.

Litinin, 13 ga Oktoba, 2025

Yanzu da allon ya daina nuna bambancin ƙarya, tambayar da ta rage ita ce wanne ake kwatantawa da wanne, kuma a nan ne na lura editoci suka fi rikicewa. A TortoiseGit hanyar a fili take: a buɗe tarihi, a danna ajiya ɗaya, a riƙe maɓallin Ctrl a danna ta biyu, a zaɓi kwatanta su, sai jerin fayilolin da suka sauya ya fito, a danna wanda ake so sau biyu. Abin lura shi ne a duba kan kowace taga a tabbatar tsohuwar siga ce a hagu, domin idan suka juya, abin da aka ƙara zai bayyana kamar an cire shi. An taɓa aiko mini da saƙo cikin gaggawa cewa an goge sashen ban-ruwa, alhali ranar aka rubuta shi.

Rikici na biyu, na kwatanta rassa, ya fi zurfi. Idan aka rubuta `git difftool main..nijar` da ɗigo biyu, inda main shi ne babban reshe, nijar kuma reshen Nijar, Git yana kwatanta ƙarshen wannan reshe da ƙarshen wancan, saboda haka duk gyaran da aka yi a Kano bayan rabuwar rassan zai fito kamar abokin aikinmu na Damagaram ne ya warware shi. Idan aka rubuta `main...nijar` da ɗigo uku, Git yana komawa ajiyar da rassan suka rabu a kanta, ya nuna abin da reshen Nijar kaɗai ya yi tun daga nan. Mai son ganin aikin mutum, ɗigo uku yake bukata. Aka ƙara masa `--dir-diff`, wanda yake buɗe duk fayilolin a taga guda maimakon ya riƙa fito da su ɗaya bayan ɗaya.

An sake wa fayil ɗin babi na uku suna, sai tarihinsa ya yi kamar ya yanke. Git ba ya rubuta cewa an sauya suna. Yana ƙiyastawa ne daga baya, idan ya ga fayil ya ɓace wani ya bayyana kuma kamanninsu ya kai kashi 50 cikin 100. Umarnin `git log --follow` ya dawo da zaren. An kuma sa `core.quotepath` ya zama `false`, domin sunayen fayiloli masu ƙ da ɗ su daina fitowa a matsayin jerin lambobi.

Talata, 21 ga Oktoba, 2025

Haɗa rassa na farko mai karo. Babban edita da Malama sun gyara jimloli guda a sashen adana albasa, kowa a reshensa, Git kuma ya ƙi zaɓar wa kowa. A irin wannan hali taga biyu ba ta isa ba, domin idan aka ga hagu ya ce abu kaza dama ya ce wani, ba a san wanda ya sauya ba da wanda ya bar yadda take. Sai an kawo ta uku, wato asalin da dukansu suka taso daga kansa.

An gwada `git mergetool` da manhajoji biyu. Meld tana sa namu a hagu, nasu a dama, asalin a tsakiya, kuma tagar tsakiyar ce ake gyarawa har ta zama sakamako. Tsarin yana da kyan gani, amma da yake tsakiyar daga asali take farawa, har sauye-sauyen da ba su yi karo ba sai an jawo su da hannu, in ba a kunna `mergetool.meld.useAutoMerge` ba, wanda bai san haka ba yana iya warware wurin jayayya kawai ya ajiye, ya zubar da sauran gyaran mutane bai sani ba. KDiff3 tana jera asali da namu da nasu a sama da sunayen A da B da C, ta buɗe taga ta huɗu a ƙasa domin sakamako, ta warware duk abin da ba shi da jayayya da kanta, ta bar wa mutum sauran ya danna A ko B ko C ko ya rubuta da hannu, kuma ba ta yarda a ajiye matuƙar akwai karon da ba a warware ba. Saboda wannan taurin kai nata na ƙarshe muka ɗauke ta domin haɗa rassa, duk da cunkoson fuskarta. Fayilolin da ke ƙarewa da `.orig` waɗanda Git yake bari bayan an gama, an sa `mergetool.keepBackup` ya zama `false` domin kada su taru.

Zaɓin kansa ba na kwamfuta ba ne. Na kira su biyun muka zauna gaban allo ɗaya, Malama ta ce: "Ranka ya daɗe, jimlarka ta fi tawa gajarta, amma ta jefar da sharaɗin cewa sai ganyen ya bushe kafin a yanke." Babban edita ya duba tagar A, ya ga sharaɗin yana nan a asali, ya ce a ɗauki tata a ƙara mata kalmarsa guda.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda ya wuce babu karo. A reshensa babban edita ya saka sabon jadawali a babi na huɗu, wanda ya sa jadawali na 4 ya koma na 5, ya gyara duk inda aka ambace shi. A nata reshen Malama ta ƙara sabuwar jimla mai cewa a duba jadawali na 4. Layukan ba su taɓa juna ba, saboda haka Git ya haɗa su shiru, kuma babu manhajar da ta nuna ja, amma jimlar yanzu tana tura mai karatu inda ba shi ba. An gano ta ne domin na kwatanta sakamakon haɗin da kowane reshe daban-daban na karanta duk abin da ya shigo. An mayar da wannan karatu wajibi bayan kowane haɗi, kuma za a sauya lambobin jadawali zuwa laƙabi wanda matakin tsara shafi zai riƙa mayarwa lamba da kansa.

Talata, 4 ga Nuwamba, 2025

Babban edita ya ɗauke sashen kwarin tumatir daga farkon babi ya kai ƙarshe. Meld ta nuna shi a matsayin gogewa a sama da ƙari a ƙasa, ba tare da ta faɗi ko an taɓa wani abu a cikinsa a hanya ba. WinMerge tana da saitin gano sashen da aka matsar, ta ba shi launi na daban, kuma a baƙar taga `git diff --color-moved` yana yin haka. An roƙi kowa, idan zai matsar da sashe, ya matsar ya ajiye tukuna, sannan ya gyara.

Jadawalin farashi da na lokutan shuka an mayar da su CSV, wato jadawali a rubutu zalla da waƙafi ke raba gidajensa, domin WinMerge tana iya shimfiɗa su gida-gida ta nuna gidan da ya sauya. Hotuna kuwa Git ba ya cewa komai a kansu illa sun bambanta, amma TortoiseGit tana da ƙaramar manhajar da ke ɗora tsohon hoto a kan sabo, wadda da ita aka ga an sauya rubutun da ke jikin zanen injin ban-ruwa.

Juma'a, 14 ga Nuwamba, 2025

Babi na ɗaya zuwa na bakwai sun daidaita: ƙarshen layi iri ɗaya, haruffan Unicode, hamza guda, jimla ɗaya a kowane layi. Editocin Kano yanzu suna buɗe tarihi su kwatanta sigogi ba tare da sun kira ni ba, haɗa rassa ne kawai har yanzu yake dawowa teburina.

Abin da ya rage shi ne masu bitar waje, malaman aikin gona biyu da za su duba ingancin bayanan, waɗanda suka ce su da Word kawai za su yi aiki. Fayil ɗin Word, wato docx, tarin ƙananan fayiloli ne da aka matse wuri guda, saboda haka Git ba ya iya nuna layukansa. TortoiseGit tana da dabarar kiran Word ya kwatanta fayiloli biyu irin wannan ya fito da gyaran da jan layi, kuma mun gwada ta yi aiki, sai dai sakamakon ba ya komawa cikin babin kai tsaye. Tsarin da za a gwada shi ne a fitar musu da docx daga wata ajiya da aka yi wa alama, idan sun dawo da shi a mayar da shi Markdown da Pandoc, manhajar sauya tsarin fayil, a bi da shi ta matakan daidaita hamza da raba jimloli, a sa shi a reshe na musamman da ya taso daga wannan alamar, sannan a kwatanta da ɗigo uku. Za a fara da babi na huɗu ranar Litinin, tun da shi ya fi yawan lambobi, kuma babi na takwas, wanda har yanzu yake da tsofaffin haruffa, zai jira sai an ga yadda wannan gwaji ya kaya.